Ranar da Iya Rakiya Ta Zauna a Kujerar Gurmundu

Wanda ya fara kawo wasan labari na kan tebur cikin garin Dutse shi ne Abdurrahim, ɗan ƙanena Malam Bubayero, a shekarar 1993, shekara biyu ke nan da yin jihar Jigawa. Na faɗi wannan tun da farko ne domin na ji wasu samarin Takur suna cewa a unguwarsu aka fara. Ba haka ba ne. A Limawa aka fara, a zauren gidanmu, kan wani tsohon teburin tela da aka cire wa keken ɗinki.

Abdurrahim ya ga irin wasan ne sa'ad da yake karatu a Zariya, a wurin 'ya'yan wani malaminsu Bature. Da ya dawo gida ya kama aikin koyarwa a wata makarantar sakandare, sai ya tsara nasa da Hausa. Ga yadda ake yinsa. Mutum ɗaya yakan zauna a kujerar da ke kan tebur, shi ne mai labari. Sauran kowa ya ɗauki wani mutum na cikin labarin ya zama shi, wannan mahaƙi, wannan maƙeri, wancan farke. Mai labari ya faɗi inda suke da abin da ya tare musu hanya, kowa ya faɗi abin da zai yi. Idan abin mai wuya ne, sai a watsa ƙwallayen dabino biyar a kan tebur. Wanda ya faɗi tsagarsa na kallon sama ana ce masa buɗe, wanda ya kife ana ce masa rufe. In buɗe ya fi yawa, an yi nasara. Ba a zuba komai a kai, ba ci ba biya. Na bincika wannan da kaina kafin in bar su su ci gaba da zama a zauren.

Mutanen cikin labarin wasu mutanen da ne, masu haƙar tama da kuza a wata ƙasa mai duwatsu wadda addini bai kai gare ta ba. Saboda haka Abdurrahim ya ƙaga musu abin bauta, ubangijin ƙasa da ramuka, ya sa masa suna Gurmundu. Ya ce Gurmundu ba shi da idanu, domin babu abin gani a ƙarƙashin ƙasa, amma kunnuwansa kamar faifai suke, yana jin saran diga daga ko'ina. Yana da doro, haƙoransa na farar ƙanƙara ne, hannunsa na dama diga ce. Ya gina shi da ƙasar suri, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, yana ajiye shi a kan tebur in labari ya kai cikin rami. Dokar Gurmundu a wasan kuwa ita ce, duk wanda ya ɗiba daga ƙasa sai ya bar cikin hannu guda a bakin rami, ana ce masa rabon Gurmundu, kuma wanda ya buɗe rami ya gama da shi sai ya cike. Wanda ya ƙi, ramin zai rufta da shi.

Cikin masu zama a teburin nan babu wanda ya fi Barau iya wasa. Abokin Abdurrahim ne tun suna makarantar allo, amma shi bai yi boko ba, haƙar burji yake yi a wani babban rami da ke bayan duwatsu. A shekarun nan Dutse ba ta ƙoshi da burji da tsakuwa, ana ta yanka tituna da gina gidajen ma'aikata, tifofi suna kai da kawowa tun daga asuba. Barau ne ya kai wasan wurin aiki. Da safe kafin ya sauka rami yakan zuba cikin hannu na burji a gefe, ya ce rabon Gurmundu ne, abokan aikinsa su yi dariya. A hankali wasu suka riƙa yi don raha, har ɗan tsibi ya taru.

A daminar 1999 abin ya bar raha. Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, Barau ya sauka ya shiga ƙarƙashin wani gefen rami da aka rarake, ya fara sara. Ɗan'inna, mai lodin tifa, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya leƙo daga sama ya ce, "Kai malamin Gurmundu, yau ka ci amanar maigidanka, ba ka ba shi karin kumallo ba." Barau ya ajiye diga, ya damƙi burji, ya hau sama yana dariya. Yana cikin zubawa gefen nan ya rufta gaba ɗaya a kan inda ya tsaya, ya binne digarsa da takalmansa.

Mahaifiyarsa, Iya Rakiya, tana nan zaune a gindin wata ɗorawa da ƙwaryar furar da take sayar wa ma'aikata. Da idonta ta gani. Washegari, ba ta yi shawara da kowa ba, ta ɗora curin fura guda a kan tsibin. Jibi ta sake. Kullum in ta dawo da safe sai ta tarar babu furar. Barau ya yi mata bayani har ya gaji, ta ce shi yaro ne, ita ta san abin da ta gani. Matan da ke fasa tsakuwa a wurin suka fara ajiye goro da ɗan gero. Wani ya ɗaura farin ƙyalle a jikin sanda ya kafa. Bayan an ƙaddamar da shari'a a jihar a shekarar 2000, sai ga shi an wayi gari da gashin zakara da jini a gindin sandar.

Maganar ta kai ga kwamitin malaman unguwa, wanda Malam Nasrullahi ke shugabanta. Matashi ne mai karatu, mai tsanani, amma ban taɓa jin ya yi wa kowa ƙage ba. Ya kira mu gaban Mai unguwa, ni da Abdurrahim, domin mahaifin Abdurrahim ya riga mu gidan gaskiya, ni ne uba.

Ya ce, "Baffa, ba na shakkar sallar ɗanka. Amma ana yanka a bakin rami da sunan abin da ya gina da hannunsa. In ba a daina ba, ba ni da ikon rufe maganar, sai ta je gaban alƙali. Kuma ka san abin da zai biyo baya."

Na sani. Malamin makarantar da aka kai kotu a kan kafa tsafi, ko an sallame shi, babu uban da zai sake ba shi ɗansa. Aikinsa zai tafi, sunan gidan Malam Bubayero ya bi shi.

Abdurrahim ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ga shi nan." Ya fito da Gurmundu daga aljihu, ya ajiye a ƙasa, ya take shi da dunduniya har ya zama gari.

Iya Rakiya, wadda aka kira ita ma, tana zaune a bakin ƙofa. Ta dubi garin ƙasar ta ce, "Ka fasa hotonsa. Shi yana can ƙasa, ya ji ka kuwa, kunnensa ba ya barci."

Malam Nasrullahi ya yi mata wa'azi mai kyau, da ayoyi da hadisai. Ta saurara da ladabi, kanta a sunkuye, ta ce duk gaskiya ne, ita ma Musulma ce 'yar Musulmi. Sa'an nan ta ƙara da cewa ita dai ba za ta hana wanda ya ceci ɗanta fura ba.

A nan ne Abdurrahim ya kawo shawararsa. Ya ce tunda a kan tebur aka haifi Gurmundu, a bar shi ya kashe shi a kan tebur, a gaban duk masu aikin ramin. Ban so shawarar ba, domin ban san wanda ya taɓa yin haka ya dace ba, amma Mai unguwa ya amince, Malam Nasrullahi kuma ya ce zai zo ya gani, in bai gamsu ba maganarsa ta farko tana nan.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka fito da teburin tela aka ajiye a ƙofar gidan Mai unguwa. Masu haƙa da masu lodi da matan tsakuwa suka kewaye, mutanen unguwa suka tsaya a bayansu. Abdurrahim ya zauna a kujerar mai labari, Barau da wasu abokansa uku suka zauna a benci. Ya fara labari da muryar da yake yi a zaure, ya sauke su cikin rami mai zurfi, fitilunsu na mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har suka ji numfashin Gurmundu a gabansu. Ban taɓa sanin yaron ya iya labari haka ba, kuma a ranar na yi fatan da bai iya ba, domin na ga matan tsakuwa suna matsawa kusa da juna.

Barau ya ce, "Na ɗaga diga na sare shi a doro."

Abdurrahim ya ce, "Watsa."

Barau ya girgiza ƙwallayen a tafinsa ya watsa. Huɗu suka kife, ɗaya ya buɗe. Jama'a suka yi guna-guni. Na kusa da shi ya karɓa ya ce ya jefa mashi, ya watsa, uku suka kife. Abdurrahim ya fara gumi. Ya ce saura dama ɗaya, su haɗa ƙarfi su tura wa Gurmundu dutse. Barau ya sake watsawa. Duka biyar suka kife, ko ɗaya bai buɗe ba.

Iya Rakiya ta miƙe tana tafa hannu a hankali. Ta ce, "To, kun gani? A gaban Malam, a gaban Mai unguwa. Ni na watsa?"

Wata daga cikin matan ta rangaɗa guɗa, aka tsawata mata. Malam Nasrullahi ya naɗe carbinsa ya sa a aljihu, ya fara neman takalmansa da ƙafa. Abdurrahim ya dube ni, fuskarsa ta koma irin ta ranar da aka binne mahaifinsa.

Na nemi izinin Mai unguwa na yi magana. Na ce, "Ranka ya daɗe, an taɓa yin irin wannan a unguwar nan, zamanin mahaifinka. Akwai wata kuka a hanyar rijiya da take kuka da dare, mata suka daina bi ta wurin, wasu suka fara kai mata nono. Ashe wani mai zuma ne ya rataye gora mai huji a reshe, iska na busa ta, don a bar masa amyarsa. Mutane suka ce a sare kukar, mahaifinka ya hana. Ya ce in an sare, za a ce aljanin ya koma wata bishiyar. Sai ya sa aka sauko da gorar, ya miƙa wa tsohuwar da ta fi kowa tsoro, ya ce ta busa da bakinta. Daga ranar ba a sake kai nono ba. Ina roƙon a bi wannan."

Mai unguwa ya ce ya tuna, yana yaro aka yi, shi ma ya busa. Malam Nasrullahi ya dakata da takalmi ɗaya a ƙafa.

Abdurrahim ya gane. Ya tashi daga kujerar, ya share ta da hannun rigarsa, ya ce, "Iya, zo ki zauna. Duk wanda ya zauna a nan shi ne bakin Gurmundu. Tunda kin fi ni kusa da shi, ke za ki faɗa mana abin da yake so."

Ta ce, "Ni? Rufa mini asiri, ɗan nan."

Ɗan'inna ya ce daga cikin taro, "Haba Iya, shekara guda kina ciyar da miji, yau a ce ki gaishe shi ki ji kunya?"

Ta ce, "Mijin uwarka, mai bakin tsiya." Ta gyara mayafi, ta zo ta zauna, ta riƙe gefen teburin da hannu biyu kamar wadda ta shiga mota karon farko.

Abdurrahim ya yi wa Barau alama. Barau ya ce, "Na ajiye diga, na durƙusa, na ce, mai rami, ga mu mun zo, me kake so da mu?"

Iya Rakiya ta rufe ido tana saurare. Wurin ya yi tsit, har ana jin tifa tana hawan tudu can bayan duwatsu. Ta daɗe a haka. Ta karkata kai hagu, ta karkata dama. Daga bisani ta buɗe ido ta ce da Abdurrahim ƙasa-ƙasa, "Bai ce komai ba."

Ya ce, "Ni ma bai taɓa ce mini komai ba, Iya. Shekara bakwai ina zaune a nan. Abin da na ga dama nake faɗa."

"Abin da ka ga dama?"

"Wallahi, Iya."

"Da kunnuwan, da doron?"

"Kunnuwan na wani direban makarantarmu ne. Doron kuwa ya samu ne don ƙasar ba ta ishe ni in yi masa wuya ba."

"Da rabon da ake zubawa?"

"Ni na sa, don Barau yana kwashe komai a wasa ba ya barin wa kowa."

Ta dubi ƙwallayen dabinon da ke gabanta. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi da yatsa, ya buɗe, ta sake juyawa, ya rufe. Sa'an nan ta gyara zama, ta kumbura murya kamar ta namiji, ta ce, "Gurmundu ya ce Barau ya je ya yi aski, kansa ya zama kamar sheƙar ungulu."

Wani ya tuntsire da dariya a baya, ya toshe baki. Ta jira ta ga ko ƙasa za ta motsa. Ba ta motsa ba. Ta ƙara kumbura murya.

"Gurmundu ya ce Asma'u mai tsakuwa ta ɗaure akuyarta, ta ishi mutane. Ya ce gwiwarsa na ciwo in an yi sanyi. Ya ce..." Ta tsaya. Ta dafa cikinta. Muryarta ta dawo tata. "Af. In ni ce bakinsa, ai ni ban taɓa shan furar nan ba. Wa ke shanye mini fura?"

Duk idanu suka juya wuri ɗaya, domin Ɗan'inna ya riga ya fara ratsa taro da baya-baya. Masu lodi suka riƙo shi suka dawo da shi gaban tebur.

Ya ce, "Iya, a yi mini adalci. Barinta zan yi tururuwa su ci? Kuma tun da ana maganar, watan jiya kin rage citta."

Ba zan iya kwatanta dariyar da aka yi ba. Mai unguwa ya rufe fuska da bakin rawani, kafaɗunsa na rawa. Malam Nasrullahi ya juya wa jama'a baya na ɗan lokaci, yana duban bangon da babu komai a jikinsa. Iya Rakiya ta cire faifan da ke kan ƙwaryarta ta bi Ɗan'inna da shi, ta dawo ta kwaɗa wa Abdurrahim ɗaya a ka, ta kwaɗa wa Barau biyu.

Da ta huce, sai ta koma ta tsaya gaban Malam Nasrullahi, dariyar ta bar fuskarta. Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, to wa ya fito mini da ɗana daga ramin nan?"

Ya ce, "Wanda ya ba ki shi tun farko, Iya. Ya ga dama ya yi amfani da bakin Ɗan'inna, wanda ni da ke ba za mu zaɓa ba."

Ta share ido da gefen mayafi, ta yi istigfari a fili har sau uku, matan tsakuwa suka amsa tare da ita. Wanda ya yanka zakara bai bayyana kansa ba, Malam kuma ya ce kada a tona, tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Kafin a kira magariba jama'a suka ɗunguma zuwa ramin, Iya Rakiya ce a gaba. Ita ta tuge sandar da hannunta, ta kwance farin ƙyallen, ta dudduba ta ce yadi ne mai kyau, zai yi tatar koko.

A kan hanyar dawowa Malam Nasrullahi ya rage tafiya har muka jera. Ya ce, "Baffa, maganar ta ƙare a nan, ba za ta je ko'ina ba. Amma kada a sake sa wa wani abu sunan ubangiji a teburin nan, ko da wasa, kuma kada wasan ya ci lokacin salla." Na ce na ɗauki wannan a wuyana. Abdurrahim yana bayanmu, na ji ya sauke numfashi irin na wanda ya ajiye buhu.

Ga abin da aka samu da abin da aka riƙe, domin na baya su sani. Abdurrahim ya riƙe aikinsa, ranar Litinin ya shiga aji kamar kullum, ba a cire masa ɗalibi ko ɗaya ba. Sunan gidan Malam Bubayero bai shiga kotu ba. Teburin tela ya koma zaure, wasan ya ci gaba, sai dai an sauke Gurmundu daga bauta, ya zama wani tsohon sarkin haƙa mai ciwon gwiwa da yawan mita, wanda samari suka ce ya fi na da daɗin wasa. Tsibin burjin da aka tara aka kwashe shi aka fara cike wani tsohon rami da ruwa ke kwanciya a ciki kusa da hanyar yara, masu haƙa kuma suka riƙe dokar cike rami, yanzu da sunan Mai unguwa. An daina rarake gefen rami da damina. Barau ya yi aski. Ɗan'inna ya yi asarar karin kumallonsa. Iya Rakiya ta samu matacin koko, ta kuma samu kujera, domin daga ranar takan leƙo zauren jefi-jefi ta ce a tashi a ba ta kujerar mai labari, kuma har ta bar duniya babu mahaƙin da ya taɓa fita daga ramin labarinta bai yi wanka ya gaida uwarsa ba.